Sauya Batir da Caja ga Fitilar Keke: Akwai Riba a Ciki?

Tambaya: Ina da shagon sayar da kayan keke, kuma tun da man fetur ya yi tsada masu hawa keke suka ƙaru a wajenmu, musamman ɗalibai da ƙananan ma'aikata da masu kai kaya kasuwa da asuba. Da yawa suna kawo mini fitilun keke masu caji waɗanda batirinsu ya daina riƙe wuta, suna neman a sauya. Ina da Naira 200,000 da na ware domin faɗaɗa sana'a. Shin in zuba ta a sarin sababbin fitilu, ko in fara aikin sauya batir? Wani dila ya nuna mini batura masu araha da aka rubuta 9900 mAh (ma'aunin yawan wutar da batir yake ɗauka) a jikinsu, ya kuma ce tsohuwar cajar fitila ko cajar waya za ta wadatar. Ina neman shawara.

Amsa: Malam, akwai riba a wannan aiki, amma da sharaɗin cewa abin da za ka riƙa sayarwa shi ne batir da ɗan allon kariyarsa da cajar da ta dace da shi, dukkansu a matsayin kaya guda mai farashi guda. Idan ka ɗauki shawarar dilan ka riƙa sauya batir kawai kana mayar wa mutane da tsohuwar cajarsu, ribar da ka lissafa a takarda za ta ƙare a kan kayan da ake dawo maka da su, kuma akwai hatsarin gobara wanda ya fi ƙarfin jarin naka gaba ɗaya.

Ƙaruwar masu kekuna da ka lura da ita tana da tushe, domin tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, kuɗin mota da na babur ya fi ƙarfin mutane da yawa. Sai dai ba kowace fitila da aka ajiye maka a kan tebur ce ta cancanci gyara ba. Ƙananan fitilun da ake cajinsu da wayar USB, waɗanda aka liƙe jikinsu da gam kuma batirin cikinsu ɗan falle ne, kuɗin buɗe su da sauya musu batir yakan kusanci kuɗin sabuwa, saboda haka mai irin wannan ka sayar masa da sabuwa kawai. Kuɗin yana cikin manyan fitilu masu haske sosai, waɗanda batirinsu yake a wata 'yar jaka daban da ake ɗaurewa a jikin keken, domin kan fitilar yakan daɗe da lafiyarsa bayan batirin ya mutu, mai ita kuma ya san abin da ya biya lokacin da ya saye ta. Ma'aunin da nake ba masu gyara shi ne, idan kuɗin aikin ya haura rabin kuɗin sabuwar fitila mai irin wannan inganci, da wuya abokin ciniki ya yarda, kuma ko ya yarda zai tafi yana jin an cuce shi.

Batirin da ke cikin yawancin waɗannan jakunkuna shi ne na litiyam da ake kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Ƙarfin wutarsa na yau da kullum bolt 3.7 ne, idan ya cika ya kai 4.2, kuma bai kamata a zuƙe shi ƙasa da 2.5 ba. Manyan kamfanonin da ke ƙera shi, irin su Samsung da LG da Panasonic, mafi ƙarfin abin da suke fitarwa a wannan girman yana wajen 3500 mAh ne. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka matsayin batirin da aka rubuta wa 9900: rubutun ƙarya ne, kuma irinsu idan aka gwada sau da yawa ko 1000 ba sa kaiwa. Ɗan sikelin da ake auna zinare ko magani da shi zai taimake ka a wajen sari, domin batir na gaske yana da nauyin giram 45 zuwa 48, na jabu kuwa yakan yi sakayau a hannu har ka ji bambancin kafin ka ɗora shi a sikeli. Amma nauyi ba hujja ce cikakkiya ba, tunda masu yin jabun ma sun san ana aunawa. Hujjar da ba ta da musu ita ce na'urar gwajin batir, wadda take cika shi sannan ta zuƙe shi ta nuna maka ainihin abin da ya ɗauka. Ka sayi guda biyu ko uku daga wajen dila, ka gwada su, sannan ka koma ka yi sari.

Kafin ka cire tsohon batir, wajibi ne ka san ƙarfin wutar da fitilar take aiki da shi, kuma ƙirga batura ba zai gaya maka ba. Jaka mai batir huɗu tana iya zama mai bolt 8.4, wato an haɗa biyu-biyu gefe da gefe sannan aka jera rukunin biyu kai da gindi, tana kuma iya zama mai bolt 4.2, wato an haɗa dukkan huɗun gefe da gefe. A ido babu bambanci, har bakin wayarsu yakan zama iri ɗaya. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin tsohuwar caja da jikin fitilar, ka yanke robar da ta lulluɓe baturan ka bi haɗin da idonka, ka kuma ɗauki hotonsa da wayarka kafin ka cire komai. Wanda ya ba fitila mai 4.2 wutar 8.4 zai ƙona ta nan take, kuma shi zai biya.

Haɗin mai 8.4 shi ne wanda zai fi zuwa hannunka, saboda haka zan ɗan tsaya a kansa. Baturan huɗu su kasance iri ɗaya daga kwali ɗaya, kada a cakuɗa sabo da tsoho ko na wannan kamfani da na wancan, domin mai rauni a cikinsu shi yake fara cika kuma shi yake fara ƙarewa, sai ya ja sauran ƙasa. Ka auna kowanne da mita, wato na'urar auna ƙarfin wuta, ka tabbatar bambancin wutarsu bai wuce bolt 0.1 ba kafin ka haɗa su gefe da gefe, in ba haka ba mai cika zai juye wutarsa da ƙarfi cikin maras cika, haɗin ya yi zafi. Daga nan sai ɗan allon kariya da ake kira BMS, na jeri biyu, wanda za ka ga an rubuta masa 2S. Yana da wurare uku na batir: B- yana zuwa gindin rukuni na ƙasa, BM yana zuwa tsakiya inda rukunin biyu suka haɗu, B+ kuma yana zuwa kan rukuni na sama, kuma a wannan jerin ake haɗa su. Sauran biyun, P+ da P-, su ne suke fita zuwa wayar fitila, ta nan ne kuma caja take shiga. Masu gaggawa sukan bar wayar tsakiya ba su haɗa ba, alhali ta wannan wayar ce allon yake ganin halin kowane rukuni. Bayan ka gama, ka ɗora mita a bakin wayar fita. Idan ba ka ga wuta ba kada ka ɗauka allon ya lalace, wasu sai an ɗan jona musu caja sannan suke buɗewa.

Bakin wayar da aka fi amfani da shi zagayayye ne, mai milimita 5.5 a waje da 2.1 a ciki, kuma galibi ramin tsakiya shi ne ɓangaren mai alamar +. Na ce galibi, domin ba doka ba ce, kuma launin waya ma ba abin dogara ba ne, ana samun kayan da baƙar wayarsu ce take ɗauke da +. Mita ce kaɗai za ta raba gardama, kuma aunawar ba ta cin minti ɗaya.

Game da liƙi da dalma, zafi yana lalata batirin litiyam daga ciki ba tare da an ga alama a waje ba. A masana'anta ana haɗa su ne da siraran ƙarfen nikel ta hanyar walda ta ɗigo, wadda take gamawa kafin zafi ya ratsa. Tun da ba ka da wannan injin a farko, ka nemi baturan da suka zo da 'yan kunnuwan ƙarfe a manne, ka yi liƙinka a kan kunnen, ko ka yi amfani da gidan batir na roba mai ƙarfi. Sannan ka tuna cewa keke jijjiga yake yi a kan burji da ramuka. Gangar jikin batirin duka ita ce ɓangaren mai alamar -, siririyar roba ce kawai ta rufe ta, saboda haka idan waya ta goge wannan robar a kusa da kan batirin, wuta ta haɗu kenan. Ka sa zoben takarda mai kauri a kan kowane batir, ka raba allon kariya da jikin baturan da ɗan kwali, ka lulluɓe duka da robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, ka kuma toshe inda waya ta fito saboda damina.

Yanzu maganar caja, wadda a nan ne dilanka ya fi yin kuskure. Batirin litiyam yana buƙatar cajar da take tsayawa daidai a 4.2 ga kowane jeri, tana rage wuta a hankali yayin da yake cika, sannan ta yanke. Jaka mai jeri biyu tana buƙatar caja mai 8.4, kuma mai amfiya ɗaya za ta cika jakar 5200 mAh cikin awa biyar zuwa shida ko ɗan fiye. Cajar waya bolt 5 take bayarwa, wanda ya gaza ga jakar 8.4, ya kuma wuce ƙima ga batir guda idan aka jona masa kai tsaye. Ana iya amfani da ita ga fitila mai 4.2 kawai, kuma sai an sa ɗan allon caji a tsakani, irin TP4056, wanda yake karɓar bolt 5 ya mayar da shi cajin da ya dace, ya kunna jan haske yayin caji ya sauya launi idan ya cika. Ka sayi nau'insa mai kariya, wanda ban da B+ da B- yana da OUT+ da OUT- inda fitila take shiga. Babban abin tsoro shi ne cajar dikoda ko ta rawuta (na'urar raba intanet) mai bolt 9 ko 12, domin bakinta yana shiga daidai a wayar jakar, kuma a gidan da ake da yara ko ake aron caja wani zai jona ta wata rana. Allon kariya zai yanke wuta idan ta wuce iyaka, amma shi kamar birki ne na gaggawa, ba a ƙera shi domin a riƙa dogara da shi kullum ba. Tsohuwar cajar abokin ciniki, idan ka auna ta ka ga tana ba da 8.4 daidai, ana iya ci gaba da ita, sai dai ka rubuta hakan a rasit. Wani lokaci kuwa za ka tarar ita ce ta kashe tsohon batirin tun farko.

Akwai kuma fitilun caji na hannu da wasu suke ɗaurewa a gaban keke, masu ɗan batirin dalma na bolt 4 da ake jona su kai tsaye a soket. Za a roƙe ka ka mayar da su na litiyam, kuma yana yiwuwa, amma sai ka cire tsohon haɗin cajin gaba ɗaya ka sa TP4056 a madadinsa, domin tsohon haɗin ba ya yankewa idan batir ya cika. Batirin dalma yana jure wannan har ya mutu a hankali, na litiyam kuwa kumbura yake yi ko ya kama da wuta. Mai bolt 6 ka mayar mata da irin batirinta na dalma. Wanda kuma ya ce ka haɗa masa batir da dainamon tsohon kekensa na Raleigh ko Phoenix, ka ba shi haƙuri, domin dainamo wuta mai juyawa yake bayarwa wadda ƙarfinta yake hawa da sauka da gudun taya, kuma kayan daidaita ta sun fi ƙarfin kuɗin aikin.

Mu koma kan lissafi. Farashin da zan kawo misali ne kawai, ka sa na kasuwarku a wurinsa. A ce batir mai kyau Naira 3,000 ne, huɗu sun kama 12,000, allon kariya 1,500, caja 4,000, waya da baki da roba 1,500, jimla 19,000. Ka sayar a kan 27,000, saura 8,000 a kowane aiki, wato 80,000 a aiki goma. A ce ɗaya daga cikin goman ya dawo ka sake masa komai, an cire 19,000, ka tsira da 61,000. Da batirin dila a kan Naira 800, jimlar kayan 10,200 ce, ka sayar a kan 18,000, saura 7,800 a kowane aiki, 78,000 a goma. A takarda kusan daidai suke, ga shi kuma mai arahar ya fi saurin shiga. Amma jakar da ya kamata ta yi awa uku tana haske za ta mutu kafin awa ɗaya, kuma idan mutum huɗu cikin goma suka dawo ka sauya musu da batura masu kyau domin ka tsira da mutuncinka, 48,000 ta tafi, saura 30,000. Sauran shidan da ba su dawo ba su ne suka fi tsada, domin ba gamsuwa suka yi ba, sun dai yanke shawarar ba za su sake zuwa ba, kuma za su faɗa wa wasu. Araha dai ba ta ado.

Awa ukun da na ambata ka iya lissafa ta da kanka, kuma yana da kyau ka riƙa yi a gaban abokin ciniki. Batir biyu masu 2600 mAh gefe da gefe sun ba da 5200, wato 5.2 idan ka raba da dubu, ka ninka da bolt 7.4 (3.7 sau biyu, tunda jeri biyu ne) ka sami kimanin 38, sai ka raba wannan da wat ɗin da fitilar take ci. Fitila mai cin wat 10 za ta yi awa uku da wani abu a haskenta mafi ƙarfi. Ka yi masa alkawarin awa uku, kada ka ƙara.

A wajen sa farashi, ka riƙa lissafi da kuɗin da za ka sake sayo kayan yau, ba kuɗin da ka saye su wata biyu da suka wuce ba. Duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, kuma ka ga yadda Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. 'Yan kasuwa da yawa sun sayar da kaya a lokacin suna ganin riba a littafi, da suka je sari kuɗin bai sayo rabin abin da suka sayar ba.

Dangane da rabon jarin, shawarata ita ce kada ka zuba shi duka a gefe guda. Ka ware kimanin 60,000 ga kayan aiki, wato mita da na'urar gwajin batir da ƙarfen liƙi da sikeli, wanda a lissafin da ke sama aiki goma ne zai mayar maka da su. Wani 60,000 ya tafi ga batura da sauran kayan haɗin ayyuka uku na farko, 50,000 ga sababbin ƙananan fitilu domin waɗanda tasu ba ta gyaruwa, ka riƙe 30,000 a hannu. Kada ka tara batura da yawa don an yi maka ragi, domin suna tsufa ko ba a yi amfani da su ba, kuma zafi yana gaggauta hakan. A shago mai rufin kwano a watan Afrilu, batirin da aka ajiye a cike yana rasa ƙarfinsa da sauri. Ana ajiye su ne da rabin caji, wajen bolt 3.7, a wuri mafi sanyi a shagon. Ka riƙa karɓar rabin kuɗi kafin ka fara aiki, domin jakar da ka haɗa wa wata fitila ba lallai ta dace da ta wani ba idan mai ita ya ɓace.

Za a kuma kawo maka batura na hannu da aka ciro daga tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, waɗanda jakar batirinsu galibi tana ɗauke da 18650 guda shida. Da yawansu na manyan kamfanoni ne, kuma sun fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Sharaɗin shi ne ka gwada kowanne, ka rubuta ainihin ƙarfinsa a jikinsa, ka cika shi ka ajiye mako biyu ka ga ko wutarsa ta zube, sannan ka gaya wa mai saye cewa na hannu ne, da farashinsa daban. Wanda ka tarar ƙasa da bolt 2, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa, ko yana zafi yayin caji, kada ka yi ƙoƙarin farfaɗo da shi, kada kuma ka jefa shi a sharar da ake ƙonawa. Ka rufe bakinsa da salatif ka tara su a gwangwani mai yashi har ka sami masu sayen irinsu.

Garanti ka ba da na wata uku a rubuce, da sharaɗin cewa ya daina aiki idan aka yi amfani da wata caja ko ruwa ya shiga. Ka rubuta ranar aiki da ƙarfin wuta a jikin jakar, ka kuma ɗiga fenti launi ɗaya a kan jakar da cajarta, domin wanda bai iya karatu ba ma ya gane wacce ce tata. Caji a shago ka yi shi da rana kana nan, a kan siminti ko cikin akwatin ƙarfe, nesa da tayoyi da tib da man keke, kada kuma ka kulle shago ka bar wani abu a jone. Duk wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi a watan Maris na 2016 ya san cewa wuta a kasuwa ba ta tsayawa a shagon da ta tashi.

Ka buɗe shafi daban a littafinka domin wannan aiki, kana rubuta kuɗin kaya da abin da aka biya da wanda ya dawo da dalilin dawowarsa. Bayan wata biyu, idan kana samun aiki uku ko fiye a mako kuma masu dawowa ba su wuce ɗaya cikin goma ba, to ka sayi ƙaramin injin walda ta ɗigo daga cikin ribar, domin zai rage maka lokacin aiki ya kuma ba ka damar karɓar baturan tocila da na fankar caji. Idan bai kai haka ba, ka bar shi a matsayin aikin gefe da kake yi idan an biya rabin kuɗi, ka mayar da sauran jarin kan sababbin fitilu.